Amsa ga mai rubuta labarin tsohuwar bakin kogi

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce kina rubuta littafi a kan wata tsohuwa a ƙaramin gari bakin kogi wadda ɗanta na fari ya nutse a ruwa, kuma waɗanda kika ba su karanta sun ce labarin bai taɓa musu zuciya ba duk da kukan da ke ciki, kina tambaya me ya rage, sannan ko ki ƙare da mutuwarta. Na karanta fejin da kika turo har ƙarshe. Ni 'yar Yauri ce, a ɗakin Inna, kakata ta wajen uba, na tashi, kuma irin wannan rashin ne ya same ta, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba. Ki yi haƙuri zan ɗan yi tsawo.

Gaskiya inda matsalar take shi ne wurin da kika sa tsohuwar ta faɗi ƙasa tana birgima tana kiran sunan yaron, daga baya kuma ta tafi bakin ruwa ita kaɗai tana zuba dogon jawabi. Rubutun ya yi kyau, hannunki na da daɗi wallahi, amma wannan ba tsohuwarmu ba ce. Kin ce ɗan fari ne fa. Matan wancan zamanin ba sa faɗin sunan ɗan fari, ba sa yi masa wasa a gaban mutane, wata ma ko goya shi ba ta yi ba, kaka ko gwaggo ce ta raine shi. Inna tunda na buɗe ido ban taɓa jin sunan baffana a bakinta ba, "yaron nan" take cewa ko "wancan", alhali shi kansa da furfura a gemunsa. Toh macen da ta shekara arba'in da ɗoriya tana wannan kara, ranar da ya mutu ba za ta tashi ta zubar da ita a gaban surukai da jikoki ba. Kunyar nan ita ce zuciyar littafinki kuma ita kika tsallake. Uwa ce da ba ta samu damar nuna so yana raye ba, yanzu kuma ba ta da damar nuna zafin rashinsa, kowa na kallonta a matsayin babba da za ta lallashi wasu.

Ranar da aka zo da labarin baffana Inna tana gaban banda tana juya kifi. Ranar kasuwa ce, jirgin da ya ɗauko su ya bugi kututture ya kife. Da aka faɗa mata ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un sau ɗaya, ta ci gaba da juya kifin ɗaya bayan ɗaya har ta gama layin, ta rage wutar dan kar ya ƙone, ta wanke hannu ta yi alwala ta shiga ɗaki. Da matarsa ta fasa ihu Inna ce ta fito ta riƙe ta tana cewa ki yi shiru, addu'a yake buƙata ba kuka ba. Masu ta'aziyya na shigowa, ya haƙuri Inna, tana cewa da godiya, Allah ya jiƙansa, tana cewa amin, muryarta ko rawa ba ta yi. Abin da na gani kawai, yatsanta na babba yana murza bakin tabarma har ta warware zaren kabar wurin. Wasu mata ma har gulma suka yi wai zuciyarta ta bushe.

Daga ranar ba ta ƙara cin kifi ba har ta koma ga Allah. Ki duba fa, a garin da miya kifi ce, sana'a kifi ce, ita kanta da kuɗin banda ta aurar da 'ya'yanta. Ta ci gaba da sana'ar, tana fere shi tana gasa shi tana sayarwa, giwan ruwa, tarwaɗa, ƙarfasa, kurungu, duk suna bi ta hannunta amma ba ta kai ko tsoka ɗaya baki ba. In an tambaye ta sai ta ce cikinta ne ba ya so. Kowa a gidan ya san dalili, ba a samu gawarsa ba, yana cikin ruwan nan, amma babu wanda ya taɓa furta shi, sai dai a raba mata tukunya a yi mata miyar kuka da daddawa zalla. Irin wannan nake so ki nema wa tsohuwarki. Ba lallai kifi ba, ki ƙirƙiro nata, wani abu na yau da kullum da ta daina ko ta fara, wanda mai karatu zai gane da kansa ba tare da kin tsaya kina yi masa bayani ba. Labarin zuciya a tambayi fuska aka ce, ke kuma kin sa bakinta yana faɗin komai.

Maganar rashin gawa kuma kar ki wuce ta da sauri. A wajenmu in jirgi ya kife masunta da mutanen Sarkin Ruwa ne ke shiga nema, bayan kwana biyu ko uku gawa kan taso, wani lokaci can nesa a wani ƙauye, kuma saboda yanayin da ake samunta galibi nan kusa ake yi mata sutura ba a ɗauko ta gida. Wanda aka samu nasa ya huta ta wani ɓangaren, ya san inda yake kwance. Wanda ba a samu ba shi ne a tsaka mai wuya, ba wanka ba likkafani ba makara, zaman makoki ne kawai ba tare da an ga an fita da kowa ba. Malamai na yi wa mutane nasiha da hadisin da ya lissafa wanda ya nutse cikin shahidai, kuma da gaske yana sanyaya zuciya, Inna na yawan maimaita shi ga wasu. Amma duk da haka in aka ce an tsinci wani a ƙasan ruwa sai ki ga ta aiki yaro a ɓoye ya je ya tambayo wace irin riga ce a jikinsa.

Akwai kuskure ɗaya na addini da ya kamata ki gyara kafin ki sake shi, kin rubuta tsohuwar ta shiga takaba. Uwa ba ta takaba, makokinta kwana uku ne. Takaba ta matar mamaci ce, wata huɗu da kwana goma, in kuma tana da ciki har sai ta haihu. Wannan ma kansa abin rubutu ne in kin lura. Surukar tana da hurumin zama a ɗaki, ta bar kwalliya, kowa ya san halin da take ciki ana tausaya mata, ita kuwa uwar da ta haife shi rana ta huɗu ta koma bakin murhu. Sai batun sadakar uku da bakwai da arba'in, gidaje da yawa yanzu sun daina, a gidanmu ma sai da aka yi ja-in-ja, ƙanen mamacin ya ce ba za a yi taro ba, Inna ba ta yi musu da shi ba amma kowace Juma'a sai ta soya ƙosai ta raba wa almajirai, ba ta taɓa cewa na wane ne ba.

Sannan tsohuwarki me take ci, wa ke ciyar da ita? A fejin da na karanta kamar baƙin ciki kaɗai ne aikinta. Wanda ya mutu shi ke riƙe da gida, akwai kwale-kwale, akwai inji da wataƙila bashi ne ba a gama biya ba, akwai rabon gado inda uwa ke da sudusi mata ke da tumuni tunda akwai 'ya'ya, kuma ba a raba inji gida shida sai an sayar. Ranar da masu saye suka zo kwance injin baffa daga jikin jirgi ta fi ranar rasuwar nauyi a gidanmu. Bayan takaba kuma surukar yarinya ce, dole ta koma gidansu ta yi wani auren, ta tafi da ƙananan yaran. Wannan rashi na biyu ne da ba wanda ke zuwa yi wa tsohuwa gaisuwarsa. Mu an bar wa Inna jika ɗaya, namiji, kuma a kansa ne kaɗai na taɓa ganin Inna ta ɗaga murya, dan ta hana shi zuwa bakin ruwa ƙememe, a garin da yaro ke koyon iyo kusan tare da tafiya. Baffanninsa na cewa Inna in bai iya ruwa ba ai shi ne cikin haɗari, tana cewa ku bar min shi. Ga rikicin da zai ja miki littafi tun daga farko har ƙarshe ba sai kin nemo wata muguwar kishiya kin cusa ba, kowa a cikinsu yana da gaskiya kuma kowa son yaron yake.

Kogin naki kuma ba shi da suna, ba shi da hali, ruwa ne kawai yana gudu. Ki zaɓi ɗaya. Rayuwar bakin Binuwai a Ibi ko Numan daban, ta fadamar Haɗeja da Nguru daban, ta Argungu daban, tamu ta Neja daban. In namu kika ɗauka ga abin da zan iya ba ki. An gama dam ɗin Kainji a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki ya haɗiye tsohuwar Bussa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutum wajen 44,000 aka kai su sababbin matsugunai, da yawansu Gungawa ne mazauna tsibiran. Kin ga duk macen da ta haura saba'in yau a wannan yankin tana budurwa ko 'yar yarinya abin ya faru, akwai yiwuwar gidan da aka haife ta da kaburburan iyayenta duk suna ƙarƙashin ruwan da yanzu ya ci ɗanta. Itatuwan da ruwan ya rufe kututturansu na nan, in ruwa ya ja baya su ne ke fasa jirage, ga lodin da ya wuce ƙima, ga tafiyar dare, ga rashin rigar ruwa. A watan Mayu na 2021 jirgi ya tarwatse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski da mutum sama da 150 a ciki, kaɗan ne suka tsira, akwai gidajen da suka rasa mutum uku huɗu a yini ɗaya. Tsohuwarki ba ita kaɗai ba ce mai wannan ciwon a garin, in ta fita unguwa da irinta za ta haɗu, kuma gaisuwar da ke tsakanin mata biyu da ruwa ya ci wa 'ya'ya gajera ce sosai, ba sa buɗe zancen.

Ki kuma yi amfani da shekarar ruwan wajen tafiyar da lokaci maimakon ki riƙa rubuta bayan wata uku bayan wata shida. Ruwa na zuwar mana sau biyu, akwai farin ruwa na damina mai laka wajen Agusta zuwa Oktoba, sai baƙin ruwa da ke tasowa tun daga tsaunukan Gini ya ratso Mali da Nijar ya iso mana cikin hunturu bayan ya zubar da lakarsa a hanya. In ya janye a dasa albasa a bakin gaɓa. Tsohuwa da wannan take lissafi, za ta ce baƙin ruwa biyu ke nan, ba za ta ce shekara biyu ba.

Batun ƙarshen littafin, ni dai ba na goyon bayan ki kashe ta. Ya yi sauƙi da yawa, kuma ba haka abin yake faruwa ba, Inna ta daɗe a duniya bayansa, ta ga auren jikoki, ta yi dariya, ta yi faɗa a kan canjin kuɗin kifi, abin na nan tare da ita bai tafi ba bai kuma kashe ta ba. Haka kar ki dawo da shi wai ashe wasu masunta ne suka tsince shi ya manta kansa, dan Allah kar ki yi wa masu karatu haka, akwai waɗanda abin ya faru da su da gaske za su karanta. In ni ce ke, a kan jikan zan ƙare, ko ta bar shi ya shiga ruwa ko ba ta bari ba, wannan ke za ki yanke gwargwadon matar da kika gina.

In kina da hali ki je irin garin ki kwana biyu, ki sayi goro ki zauna wajen mata masu banda ki taya su aiki. Kar ki tambaye su ya kika ji da ɗanki ya rasu, ba za su amsa ba kuma za ki ɓata musu rai. Ki tambaye su farashin icce, da yadda ruwa yake da can, da wa ke kawo musu kifi yanzu, a cikin amsar ta ƙarshen nan za ki ji wanda ya kamata ya kawo ba ya nan. In kin gyara babin farko ki sake turowa nan mu gani, musamman wurin ta'aziyyar, zan duba miki gaishe-gaishen in sha Allah. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba ki sa'ar rubutun.