Bangon ciki na naman kaza mai fitar da ƙura

Ɗan'uwa, ka tambayi sunan fatar da ke riƙe da ƙurar iri a cikin naman kazan nan mai kama da ƙwallo. Masana na kiranta endoferidiyam. Bangon naman kazan gaba ɗaya hawa biyu ne. Na waje, eksoferidiyam, yakan yi ƙuraje ko ƙananan ƙayoyi, kuma da ya tsufa sai ya sāɓule. Na cikin, wato endoferidiyam ɗin, siriri ne kamar takarda, shi ke rungume da tsokar da take fara fat tun tana ɗanya, daga baya ta koma gari ruwan ƙasa. A jinsin Lycoperdon ƙaramar kafa ke buɗewa a samansa. Ɗigon ruwan sama na bugunsa sai ƙurar ta yi tsiri waje. Kada ka shaƙe ta da yawa, tana cutar da huhu.