Filin Masu Mota: Jan Ƙafa Huɗu, Aiki Ne Ko Ado?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin sayen mota, mai sayarwar sai nanata mini yake yi cewa AWD ce, mai jan ƙafa huɗu, wai ta fi kama titi kuma birkinta ya fi ci. Gaskiya ne? Kuma mene ne bambancinta da fowil irin na Hilux?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Maganarsa rabi gaskiya ce, rabi talla. Amfanin AWD yana wajen ja ne. Injin yana raba ƙarfinsa ga taya huɗu maimakon biyu, don haka idan ka ba ta wuta a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, ko tsakuwa, ko hawa mai santsi, ba ta tsayawa tana wulwula ƙafa. Amma batun birki, kada ka yarda. Kowace mota da taya huɗu take tsayawa, ko mai jan gaba ce ko mai jan baya. Abin da ke rage nisan tsayawa shi ne ingancin taya da lafiyar birki. AWD ma ƙarin nauyi take ɗorawa, sau da yawa kilo 50 zuwa 100, wanda birkin ne zai tsayar da shi, kuma shan mai yana ɗan ƙaruwa. Wannan batu yana damunmu ƙwarai, domin direba yakan ji motar ta tashi garau cikin ruwan sama ya ɗauka titin ba santsi, sai ya zo kwana ko ya taka birki sannan ya gane.

Bambancin AWD da fowil kuwa a kwana yake bayyana. Idan mota tana juyawa, tayoyin gaba sun fi na baya cin nisa. Fowil irin na yawancin Hilux ɗaure gaba da baya yake yi su juya da gudu ɗaya, shi ya sa ba a sa shi a busasshiyar kwalta: sitiyari zai yi tauri, taya ta riƙa gurza, ƙarafunan ciki su ɗauki wahala. Na laka ne da yashi, kuma yana da ƙaramar giya mai ninka ƙarfin ja kusan sau biyu da rabi. AWD tana da abin da ke barin gaba da baya su bambanta gudu, shi ya sa ake tafiya da ita ko'ina ba tare da direba ya taɓa komai ba.

Ita ma kala-kala ce. Akwai mai ja da ƙafa huɗu kullum, kamar Audi masu na'urar Torsen, wadda haƙoran ƙarfe ne zalla ke raba ƙarfin, a da rabi da rabi, daga baya kashi 40 gaba 60 baya. Akwai kuma wadda gaba ne ke ja, sai kwamfutar motar ta ga alamar santsi ta matse wani kuloci ya kai ƙarfi baya. Tsarin Haldex da ya fito a 1998 irin wannan ne, haka yawancin ƙananan jif na zamani. A kwalta yana aiki sosai. A yashi mai zurfi kuwa kulocin yakan yi zafi, motar ta kunna fitilar gargaɗi ta saki ƙafafun baya har sai ya huce.

Tambaya: Tayar gaba ɗaya ta fashe a motata mai AWD, sauran ukun sun ci kusan rabi. Makanike ya ce sai na canza duka huɗun. Ba cuta ba ce kuwa?

Amsa: Hajiya, wannan karon makanikinki yana kan hanya. Bari mu yi lissafin tare. A ce kewayen taya mita 2 ne, wato tana juyawa sau 500 a kowace kilomita. Idan zanen tsohuwar taya ya gaza na sabuwa da milimita 3, kewayenta ya ragu da kusan milimita 19 ke nan, sai ta riƙa yin ƙarin juyi kusan 5 a kowace kilomita. A tafiyar kilomita 100, juyi kusan 500 ne. A motar da ke ja da ƙafa biyu wannan ba wani abin tashin hankali ba ne. A AWD kuwa, na'urar da ke tsakanin gaba da baya gani take kamar motar tana kan santsi ko cikin kwanar da ba ta ƙarewa, sai ta yi ta aiki ba hutu. Mai ya yi zafi, faifan kuloci su cinye, wata rana ki ji motar tana fizga ko tana gurnani idan kin karya kwana a hankali. Gyaran wannan ya fi sayen taya tsada nesa ba kusa ba.

Kafin ki yanke shawara, sa a auna zurfin zanen kowace taya da ma'auni, ba da ido ba. Sabuwa takan zo da kimanin milimita 8. Ƙa'idar da aka saba bi a motocin Subaru ita ce kada bambancin ya wuce kimanin milimita 1.6, wasu kamfanonin suna da ɗan sassauci, don haka ki duba littafin motarki. Tunda naki sun ci rabi, kin wuce wannan iyaka. Ko dai a canza huɗun, ko a samo guda ɗaya mai kamfani ɗaya, lamba ɗaya, zurfin zane ɗaya da sauran. Nan gaba kuma a riƙa sauya wa tayoyin wuri duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000, a daidaita iskarsu, domin tayar da iskarta ta ragu ita ma kewayenta raguwa yake yi. Siririyar safaya kuwa ta kai ki wurin faci ce kawai.

Tambaya: Ni kwarjinin motocin nan ne ya tafi da ni: tsayi, faɗin ƙugu, manyan wili. Shin siffar tana nuna ƙarfin aiki?

Amsa: Son kyan mota ba laifi ba ne, ɗan'uwa, kuma kwarjinin nan yana da asali. Kamfanin Jensen na Ingila ya fitar da motar titi mai jan ƙafa huɗu tun 1966, Subaru ta bi da Leone a 1972, amma wadda ta canza tunanin mutane ita ce Audi Quattro ta 1980. Ta shiga gasar tseren rali ta duniya ta ci kofin kamfanoni a 1982 da 1984. Kumburarrun kafaɗun da ke saman tayoyinta sun zama alamar ƙarfi, har yau masu zana motoci suna kwaikwayonsu. Mercedes ta zo da nata tsarin jan ƙafa huɗu mai suna 4Matic, BMW ta kawo nata mai suna xDrive a 2003, rubutun bayan but ya zama abin tunƙaho.

Sai dai siffar da injin sun daɗe da raba hanya. RAV4 da CR-V da Highlander duk ana ƙera su iri biyu, mai jan gaba kawai da mai AWD, kuma daga waje da wuya ka bambance su. Baƙar robar da ake zagaye bodi da ita ba ta ja. Manyan wili masu inci 19 ko 20 suna ɗaukar ido, amma tayarsu gajeriyar gefe ce, rami ɗaya ya isa ya kumbura ta ko ya lanƙwasa wilin. Ga hanya mara kyau, inci 17 mai kaurin gefe ya fi mana. Sannan ka auna tazarar cikin mota da ƙasa: Subaru Forester tana da kimanin santimita 22, alhali ƙaramar mota mai AWD takan tsaya wajen 14. Idan cikinta ya zauna a kan tudu, ƙafa huɗun duk a banza suke juyawa.

Tambaya: Yaya zan tabbatar ta hannu da zan saya AWD ɗinta na aiki?

Amsa: Ka sa a ɗaga ta ka leƙa ƙarƙashi da tocila. Ka nemi farfela, doguwar sandar da ta taso daga akwatin giya zuwa baya, da ƙullin ƙarfen da ke tsakanin ƙafafun baya, da sanduna biyu masu robar zobe-zobe da suka fita daga gare shi zuwa kowace taya. Wasu idan tsarin ya lalace cire farfelar suke yi su bar rubutun a but, sai ka ga gurbin kusoshinta fayau. Ban da masu haɗa fetur da lantarki irin RAV4 Hybrid, su dama ba su da farfela, injin lantarki ne ke jan baya. Ka duba ko akwai jiƙewar mai a jikin ƙullin, ka tambayi yaushe aka canza mansa. Na Haldex yawanci bai kamata ya wuce shekara 3 ko kimanin kilomita 60,000 ba. Daga nan ka samu fili mai kwalta, ka karya sitiyari har ƙarshe, ka zagaya a hankali dama da hagu da gilashi a sauke. Lafiyayyiya sulu za ta juya. Idan ta yi tsalle-tsalle ko ka ji ƙwas-ƙwas daga ƙasa, akwai gyara a gabanka. In kuwa ka saya wata rana ta tsaya maka a hanya, kada janwe ya ɗaga ƙafa biyu ya ja biyu a ƙasa. A ɗora ta gaba ɗaya a kan mota mai shimfiɗaɗɗen baya.