Auta, kafin ki nemi biza, nemi littafi da biro

Auta, na saurari saƙonki na murya, minti goma sha ɗaya cur, a cikin bas ina dawowa daga aikin dare. Ke ce ta huɗu a watan nan da ta turo min irin wannan maganar, amma ke jinina ce, don haka ke za ki sha amsar da sauran ba su samu ba. Abin da na fahimta shi ne kin buɗe shafi kina koya wa mata sana'a da tattalin jari, kin sa wa kanki suna koci, kin yi wata uku kina ɗora bidiyo, yanzu kuma kanki ya ƙafe, ba ki da abin faɗa. Sai kika yanke hukunci cewa Kano ce ta yi miki kaɗan, in taimaka ki samu gurbin digiri na biyu a nan Ingila, inda a cewarki "ido zai buɗe, kontent zai zo da kansa".

Na yi dariya har wata tsohuwa da ke gefena ta waiwayo. Kada ki ji haushi. Maganar da na faɗa wa Umma ke nan a 2021, kusan kalma da kalma, ita kuwa har yau in an ce mata 'yarta koci ce sai ta tambaya ko ƙwallo nake koya wa Turawa.

Bari in fara da takarda, tunda ita ba ta san kara ba. Bizar ɗalibi a ƙasar nan ba ta yarda ki yi sana'ar kanki ba. Aikin albashi a ƙarƙashin wani za ki iya, awa 20 a mako lokacin da ake karatu, shi ke nan. Karɓar kuɗi a hannun mutane don ki horar da su sana'ar kai ce. Na tambayi ofishin da ke kula da ɗaliban waje a makarantarmu, na ce to idan kuɗin a asusuna na Najeriya yake faɗawa fa? Matar ta ce ai ƙafarki tana nan lokacin da kika yi aikin. Sai da na gama karatu na samu bizar da ake ba waɗanda suka kammala, ta shekara biyu, sannan na karɓi sisin kowa da sunan horarwa. Wato abin da kike son zuwa dominsa shi ne abu na farko da za a ɗaure miki hannu a kansa.

Kuɗi kuwa, a farkon 2025 ana so ɗalibin da zai zauna wajen Landan ya nuna fam 1,136 na kowane wata har wata tara, fam 10,224 ke nan, su kwana 28 a asusu ba a taɓa ba, kuma adadin hawa yake yi, ba ya sauka. Ban da kuɗin makaranta, ban da kuɗin biza, ban da fam 776 na lafiya a kowace shekara. Lokacin da na taho fam ɗaya a hukumance bai kai naira 600 ba. A 2024 ya haura 2,000. Ki ɗauki kalkuletar shagon Baba ki buga da kanki. Tun Janairun 2024 kuma mai digiri na biyu irin na zama a aji ba ya tahowa da miji ko 'ya'ya, in ma kina da wannan lissafin a gaba.

To, wannan duk kina iya samunsa a wajen wani. Abin da ya fi ci min rai daban ne.

A hunturuna na farko a Manchester ina aiki a gidan kula da tsofaffi, takwas na dare zuwa takwas na safe. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Wata rana da asuba ina canza wa wata tsohuwa zanin gado, sai ta ce min ta yi shekara arba'in tana riƙe da shagon ɗinki, kuma ba ta taɓa ba 'yar uwarta bashi ba sai a rubuce, da sa hannu. Nan take wani bayani ya zo min a kai, tsaf da shi, daga farkonsa har ƙarshe, a kan yadda matanmu za su raba zumunci da ciniki ba tare da an ɓata ba. Na ce in na fita zan rubuta. An hana riƙe waya a ɗakunan tsofaffi, ba ni da biro a aljihu. Na tashi, na tsaya a tashar bas hannuna ya sandare, na isa gida na faɗi kamar gawa. Da na farka abin da ya rage min kawai shi ne na san na yi wani tunani mai kyau. Har yau ina jin zafinsa, kamar wadda ta yar da kuɗi a kasuwa.

Daga baya na yi wautar da kike shirin yi da babban kuɗi. Na sayi kwas a wajen wani Bature mai koyar da masu horarwa, da ladan aikin dare na kusan mako guda. Abin da ya ba mu jerin maudu'ai ne, ɗaya na kowace rana har shekara: yadda za ki tashi da asuba, yadda za ki tsara teburinki, yadda za ki ce "a'a" a ofis. Macen da ke tashi sallar asuba tun tana shekara bakwai ni zan koya wa tashin asuba? Na gwada guda shida, ko kare bai yi haushi ba.

Abin da ban zata ba shi ne wannan: a nan na ƙafe, ba a Kano ba. Shekara ɗaya da barin gida kunnena ya daina jin maganar mutanen da nake yi wa magana. Akwai ranar da na yi misali da farashin kwanon shinkafa, wata ta rubuto min: "Hajiya, da alama kin kwana biyu ba ki leƙa kasuwar Singa ba." Kunya kamar ƙasa ta tsage. Gaskiya ta faɗa. Ina zaune a ɗaki mai hita ina ba da shawarar jari da farashin da ya mutu tun kafin a cire tallafin mai a 2023.

Bidiyon da ya fara ɗaga ni, wanda daga shi mata suka fara neman in zauna da su, daga jimla ɗaya ya fito. Wata mai turaren wuta daga Kano ta ce min a waya: "Anti, ciniki ina yi, amma kuɗin ba ya kwana." A lokacin na riga na koyi hankali, na rubuta shi yadda ta faɗa, ban gyara mata ko harafi ba. Ki lura, da na rubuta "matsalar sarrafa kuɗi" da na kashe shi. A cikin "ba ya kwana" akwai maigida da ya ranci kuɗin cefane, akwai ƙanwar miji da ta ɗauki kwalba uku "zan aiko", akwai zubin adashi, akwai ankon biki biyu a wata ɗaya. Bayani bakwai na ciro daga wannan jimlar, kuma duk macen da ta ji ta sai ta ce da ita nake.

Yanzu ki dubi inda kike zaune. Kina hawa adaidaita sahu daga Gwammaja zuwa Kantin Kwari, mata biyu a gefenki suna ƙorafin dillaliya da ta riƙe musu kuɗin atamfa. Kina zuwa gidan kitso, kina zuwa Islamiyya, kina zaman suna, kina jin yaran kasuwar waya ta Farm Centre suna ciniki. Mai shagon bakin layinmu yana da littafin bashi da ya fi kwas ɗin Baturen nan ilimi. Duk wannan yana zuba a kunnenki kyauta kullum, yana fita ta ɗaya kunnen. Ni nan sai na biya data na roƙi mutane su ba ni labarin kasuwa. Kina da rijiya a tsakar gida kina neman kuɗin jirgi ki je sayen ruwan leda.

Kin tuna baitin da malamin Islamiyyarmu yake yawan ja mana, wanda ake jingina wa Imamu Shafi'i, cewa ilimi abin farauta ne, rubutu shi ne dabaibayinsa? Da hadisin da ke cikin Bukhari inda Abu Huraira ya ce babu sahabin da ya fi shi yawan hadisi sai Abdullahi ɗan Amru, saboda shi yana rubutawa, ni ba na rubutawa? Mun haddace don jarrabawa, sai da na zo ƙasar sanyi na gane da ni ake.

Ga yadda nake yi, ki ɗauka ko ki bari. Ƙaramin littafi irin na 'yan firamare yana cikin jakata, biro a maƙale, domin waya caji yana ƙarewa, ke ma kin fi ni sanin halin wuta. In hannuna ba sarari, ina tura wa kaina saƙon murya a WhatsApp, tun ƙarshen 2022 suka ba da damar mutum ya tura wa lambarsa. Daƙiƙa ashirin ta isa. Ina faɗin maganar da bakin mai ita, in faɗi irin wadda ta faɗa da inda aka yi, sannan abin da ya motsa min. Na ukun nan shi ake mantawa, kuma in babu shi bayan mako biyu za ki ga rubutunki kamar na wani. Ba na tsayawa tantance mai kyau da maras kyau a lokacin. Mai kamun fara ba ya zaɓe a gona, sai an dawo gida.

Ranar Lahadi bayan la'asar nake zazzage buhun. A nan yawancin mutane ke faɗuwa, su tara saƙon murya ɗari uku ba su taɓa komawa kai ba. Ina kwashe komai zuwa wuri ɗaya. Wanda ya nuna in fitar da shi a makon. Wanda bai nuna ba in bar shi, wani sai ya yi wata huɗu kafin ɗan uwansa ya zo su haɗu su zama magana. Akwai kuma wanda ba hurumina ba ne: fatawa ta malamai ce, ciwo na likita ne, rikicin aure ba a warware shi a bidiyon minti ɗaya. Tambayar da aka yi min sau uku daga bakin mutum uku, ita ce ke tsallake layi. Da haka ban sake zama gaban kyamara ina susar kai ba.

Sai amana, kuma a nan zan ɗaure fuska. Kano babba ce, amma kowa ɗan uwan wani ne. Kika ce "wata mai turare a unguwa kaza, mijinta direba", kafin magariba kishiyarta ta gane ta. Mai turaren da na ambata, sai da na nemi izininta, kuma kin ga ko unguwarta ban faɗa miki ba. Kada ki naɗi muryar kowa a ɓoye. Kada ki ɗora hoton hirarku ko da kin goge suna. Mace ɗaya ta ji sirrinta a shafinki, kin rasa dangi guda da maƙwabtansu.

Kuma ki daina zuba ɗanyen tunaninki a zauren ƙawaye. Na taɓa faɗin wani shiri nawa a irin wannan zaure, kwana uku na gan shi a shafin wata da nake kira ƙawa, har da karin maganar da na yi amfani da shi. Ban ce mata komai ba. Ban kuma manta ba.

Ban ce kada ki zo ba. Ni na zo, na sha wuya, na kuma samu abin da ba zan raina ba, kuma da gumina na same shi, babu wanda ya ɗauke min ko dare ɗaya. In digirin kike so don kansa, mu zauna mu yi lissafi. In takardar horarwa kike so, ba a buƙatar jirgi. A Ingila ma babu dokar da ta hana kowa kiran kansa koci, shi ya sa suka yi yawa kamar jamfa a Jos. Ƙungiyar masu horarwa ta duniya, ICF, matakinta na farko awa 60 na karatu ne da awa 100 na zama da mutane, kuma ana yin karatun ta intanet. Awa ɗarin nan a Kano za ki fi saurin cika su, da matan da kike jin yarensu, babu mai tambayar ki biza.

Don haka ga sharaɗina. Ki sayi littafi gobe. Kwana 40 kina rubuta abin da kunnenki ya kama, ko guda ɗaya a rana. Ki ɗauki hoton shafukan ki turo min. In na gani, zan buɗe takardun makarantar da kika aiko, har yanzu ban taɓa su ba. Kuma ina gaya miki tun yanzu, duk abin da ya yi min a ciki zan roƙe ki aronsa, don nawa buhun ya kusa ganin ƙasa.

Ki gaishe min da Umma da jiki, ki ce mata saƙon ƙarshen wata yana hanya. In wani zai taho a cikin 'yan uwa, a haɗo min kuka da daddawa da yaji. Ban da kilishi, nama ba ya wucewa a filin jirginsu, na bara a kwandon shara ya ƙare ina kallo. Ki kuma tambayo min nawa ake sayar da kwanon shinkafa a Singa wannan makon.