Ina kakana a finafinan Yaƙin Bama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kakana ya je yaƙin Bama, har ya rasu da tabon harsashi a cinya. Na kalli finafinan tarihi da yawa kan Yaƙin Duniya na Biyu, amma Turawa zalla nake gani. Ko namu ba su taka rawar a zo a gani ba ne?
Wata ɗaliba daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan kakanki. Sun taka, kuma babba. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, galibinsu 'yan Najeriya da Gana, sun gwabza da sojan Japan a kwarin Kaladan na ƙasar Bama (Myanmar ta yau) daga 1944 zuwa farkon 1945, suka ƙwace garin Myohaung a Janairun 1945. Shi ya sa akwai barikin Myohaung a Legas. Da Hausa ma ake magana a barikokinsu.

Mai fim ɗin tarihi kamar tela ne, da ƙyallen da ya tarar yake ɗinki, kuma kyamarar wancan zamani tana hannun masu mulki. Dubi Faris a Agustan 1944. Manyan hafsoshin Amurka da Ingila suka nemi rundunar Faransa da za ta shiga birnin ta kasance ta farar fata, aka zaɓi ta Janar Leclerc, mutumin da ya faro yaƙinsa daga Chadi da baƙaƙen sojoji. To wa kyamara za ta ɗauka ranar murna?

Amma ni ba na wanke masu fim da wannan uzuri. Hotunan namu na Bama suna nan a gidan adana tarihin yaƙi na Landan, tonowa ce ake ƙyuya. A 2007 ma, Amurkawa 'yan asalin Latin Amurka suka yi ca a kan Ken Burns, mai shirya finafinan tarihi a Amurka, don ya tsallake su a dogon fim ɗinsa na yaƙin, dole ya ƙara kusan rabin awa. Su sun yi magana, mu muna tsaki a ɗaki.

Idan kakarki na raye, ɗauki wayarki ki naɗi abin da ya ba ta labari. Ki tambaye ta takardar sallamarsa da lambar yabonsa, wataƙila suna ƙasan adaka.