Yadda Muke Shirya Taro a Zangon Akra

Ƙanwata, kin tambaya me ya sa mu Hausawan Gana muke kafa rumfar suna ko ta biki a tsakiyar titi, ko ba mu da ɗakunan taro ne a Akra. Akwai su, masu hali suna kamawa. Amma a unguwannin Sabon Zango da Nima da Mamobi yawanci gidan haya ne mai ɗakuna jere, iyalai da yawa suna raba tsakar gida ɗaya. Ranar taro mata da tukwane sun cinye tsakar gidan, dole maza su fita ƙofa. Daga nan duk sauran shirinmu ya samo asali, domin wanda zai tare hanyar mutane sai ya fara neman yardarsu.

Kafin a sa rana, kalandar masu gari muke fara dubawa. Sabon Zango, Malam Bako ɗan Malam Na'ino ne ya kafa shi a farkon shekarun 1910, a filin da ya samu daga sarakunan ƙabilar Ga. Mu 'yan ƙasa ne, a nan aka binne cibiyar iyayenmu, amma ba mu manta da wannan ba. Kowace shekara, daga watan Mayu zuwa Yuni, sarakunan Ga suna hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda, share fagen bikinsu na Homowo da ke zuwa a Agusta. Dokar ta hau kan kowa, har lasifikar da ke wajen coci ko masallaci. Mai hankali ba ya sa bikin 'yarsa a wannan tsakanin, balle ma lokacin ne ruwan sama ya fi ƙarfi. Suna kuwa ba ya jira. Rana ta bakwai a taru da safe, liman ya yi addu'a, a raɗa suna, a yanka rago, a ci abinci ba ganga ba amsa-kuwwa, shagalin mata a ɗaga shi sai an buɗe gari. Samari kan yi gunaguni, ni kam ban ga abin gunaguni ba. Mutanen da suka ba kakanninmu wurin zama, shirun wata ɗaya bai kai ladan abin da suka yi ba.

Ranar Lahadi muka fi so, lokacin da ma'aikaci da ɗan kasuwa duk suna gida. Saura kwanaki sai mai taro ya ɗauki goro da alewa ya bi ƙofa-ƙofa. Ya gaida sarkin unguwa, ya sanar da ɗan majalisar unguwa, sannan ya tsaya wajen duk wanda rumfa za ta tare masa ƙofar gida ko shago. Maƙwabciyar da za ta coci da safe a bar mata hanya, direban da ke kwana da motarsa a layin a roƙe shi ya matsar tun daren Asabar. Kati da saƙon WhatsApp sun shigo, amma dattijo har yanzu bai ɗauka an gayyace shi ba sai ya ga ƙafarki a ƙofarsa.

Kada ki tambaye ni mutum nawa ake gayyata, ba ma ƙidaya. Zango ba na Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Zabarmawa, Kotokoli, Dagomba, Mosi, Wangarawa, Fulani, Yarabawa, kuma Hausa ce ke haɗa mu hira. An yi ta auratayya har ba gidan da zai ce dangi ɗaya gare shi. Saboda haka girki ake yi na wanda aka sani da wanda ba a sani ba.

Da za ki leƙo tsakar gida da tsakar dare, za ki tarar da magajiyar mata zaune kan kujera 'yar tsugunno, mabuɗin ɗakin kaya ɗaure a bakin zaninta, ba mai ɗibar mai ko shinkafa sai da saninta. An jefa karan dafi da 'yar kanwa a tukunyar wake har ruwan ya yi ja, za a zuba shinkafa. Gefe ana soya shito, wato baƙar miyar barkono, yaji ya sa kowa tari. Wasu na tuƙa tuwon zafi, wasu na gyaran ganyen ayoyo, jarkoki masu ruwan ɗorawa jere a bango saboda famfo ba abin dogaro ba ne. Kwanon farko da aka zuba ba na manyan baƙi ba ne, na maƙwabtan da aka hana barci ne, Musulmi da Kirista.

Kuɗi kuma, kamar a wajenku, gudummawa ce ke ɗaukar nauyin. Ana ajiye mai littafi, duk wadda ta kawo sidi, wato kuɗin Gana, ko ta turo ta waya a rubuta, don ranar nata a mayar da ƙari. 'Yan'uwa da ke Amurka da Jamus sukan ɗauki kuɗin rumfa, kujeru da janareto. Abin da ke damuna shi ne yayi, wato ankon da ake fitarwa. Ya kai ga biki ɗaya a fitar da kala biyu ko uku, mace ta ci bashi don kada a ce ba ta yi kara ba. Na sha ganin wadda ta ƙi zuwa bikin aminiyarta don kunyar rashin zanen, alhali da hannunta aka yi girkin. A gidanmu mun tsayar da kala ɗaya mai sauƙin kuɗi, wadda ba ta samu ba ta zo da abin da take da shi.

Kafin gari ya waye ranar Litinin dole titi ya koma titi, don masu zuwa aiki da 'yan makaranta. Samari su sauke rumfa, su ƙirga kujeru a gaban mai haya, wadda ta karye a biya. A share layin, a kwashe ledojin ruwa daga kwata, domin in aka bar su ruwan sama ɗaya ya isa ya tura ambaliya ɗakin wani. Tukwanen aro a wanke a mayar da ɗan sabulu ko ragowar nama a ciki. Daga nan uwar taro ta ɗauki mayafinta ta sake bin ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya tana ban gajiya, wanda kan ci mata kwana biyu ko uku.