Ku Tambayi Tsohon Hedimasta: Za Ni Japan, Me Zan Kalla?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Hedimasta. Ina koyar da lissafi a wata firamare a Zariya, yara 94 ne a ajina, rabinsu a ƙasa suke zama. An zaɓe ni cikin malaman da za su je Japan ziyarar makarantu ta mako uku. Abokan aikina sai tsiya suke mini, wai yawon buɗe ido zan je in dawo da hotuna. Ina tsoron kada maganarsu ta tabbata. Me zan sa wa ido? Kuma yaya zan yi da abinci da salla?
Malamar aji biyar, Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya sanya alheri. Masu tsiyar nan suna da 'yar gaskiyarsu. Da na je, kwana ukun farko a ƙauyanci suka ƙare: ina leƙen ɗakin kiɗa da wurin ninƙaya, ina auna kuɗinsu da albashina. Ban ƙaru da komai ba sai ɓacin rai. Ajin firamarensu a da doka ta ƙayyade shi a yara 40, a 2021 ma aka soma rage shi zuwa 35. Wannan ba ya shiga jaka, ki bar musu kayansu.

Abin da za ki roƙa a nuna miki shi ne jugyo kenkyu, wato nazarin darasi. Malamai kan haɗu su tsara darasi guda tare, wani lokaci su shafe makonni a kansa. Ranar koyarwa mutum ɗaya ne zai tsaya gaban allo, sauran su bazu cikin aji da takarda a hannu. Na zaci malamin suka zo kamawa, irin yadda sufeto ke mana. Ashe yara suke kallo: wane ne ya tsaya yana cizon fensir, wace ce ta bi wata hanya dabam har ta kai ga amsa. Bayan an tashi sai a zauna a tattauna, darasin ake fiɗa, ba mai koyarwar ba.

Tunda lissafi ne fanninki, ki lura da allo. Na ga malami ya ba da tambaya ɗaya tak, ya cinye minti 45 a kanta. Yara huɗu suka fito, kowa da hanyarsa, har wanda ya kuskure aka bar nasa a rubuce. Bai share komai ba har aka kaɗa ƙararrawa, allon ya zama tarihin darasin daga farko zuwa ƙarshe. Ni kuwa shekara ashirin ina gogewa kafin na baya su gama kwafa. Hoton irin wannan allon za ki ɗauka, amma ki nemi izini tukuna, ba sa wasa da fuskokin yara.

Idan kin taɓa zuwa bitar SMASE ta ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, wadda JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashe, ta tallafa aka fara a 2006 a jihohin Kaduna da Neja da Filato, kin ɗan ji ƙamshin abin. In kin dawo kada ki jira takardar ma'aikata. Ki samu malamai biyu da ba sa miki dariya, ki fara ba da naki ajin su kalla.

Za ki ga yara suna share makaranta da kansu. Mu ma muna yi, sai dai a wurinmu hukuncin makara ne, a can kuwa malami ma da tsintsiyarsa.

Abinci kuma, a aji ake cin na rana, yara ne ke rabawa, kuma naman alade na yawan shiga ciki, har a romo. Tun kafin ki tashi ki rubuta wa masu shirya tafiyar, su ba ki takarda da Japananci da za ki riƙa nunawa. Shinkafa da kifi za su riƙe ki. Salla, ki nemi ɗakin da ba kowa, za su ba ki. Suna gabanmu da awa takwas, sai ki gyara agogonki. In kin samu Juma'a a Tokyo, ki je masallacin Tokyo Camii.

Ki tafi da safa mai kyau, don a ƙofar makaranta ake cire takalmi. Kilishi kuwa ki bar shi a gida, an hana shiga da nama. Nawa, ƙulli biyu, kare ne ya shinshino shi a filin jirgi.