Tambaya da Amsa: Kwandalolin Zinare da Azurfa na Armeniya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Yerevan, babban birnin Armeniya, ya kawo min tsarabar kwandala ta azurfa, gefe ɗaya jirgin ruwa da kurciya da dutse, ɗaya gefen an rubuta 500. Na kai ta kasuwar Wuse, wani ya ce azurfa ce, wani ya ce ruwa aka yi mata. Mene ne wannan, kuma yaya zan tabbatar? — Wani malamin makaranta, Kubwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka kwatanta shi ne kwandalar Jirgin Annabi Nuhu, wadda Babban Bankin Armeniya ya fara fitarwa a 2011, kamfanin Geiger na Jamus ke buga ta. Dutsen shi ne Ararat, wanda Armeniyawa ke ɗauka wurin da jirgin ya tsaya bisa ruwayar Baibul, ko da yake a yau yana cikin ƙasar Turkiyya. A Alƙur'ani kuwa, cikin Suratu Hud, Judiyyu aka ambata. Lambar 500 kuɗin ƙasarsu ne, diram, wanda suka fara aiki da shi a Nuwamban 1993. Kada lambar ta ruɗe ka. Diram 500 bai kai dala 2 ba, darajar kwandalar tana cikin ƙarfenta.

Ta diram 500 oza ɗaya ce ta awon zinare, giram 31.1, azurfa mai tsarkin 999 cikin 1000, faɗinta milimita 38.6. Akwai ƙannenta: rabin oza diram 200, kwata diram 100.

Fara da abin da ba zai taɓa lafiyarta ba. A ɗora ta a sikelin masu zinare mai nuna lamba biyu bayan ɗigo. Ta gaske kan ɗan haura 31.1 kaɗan, ba ta yin ƙasa sosai. A auna faɗin. Sannan a kusanto da maganaɗisu: in ya kama ta, magana ta ƙare, jabu ce. Amma rashin kamawa ba shaida ba ce, domin jan ƙarfe da tagulla ma ba ya kama su, kuma da su ake yin yawancin jabun.

Gwajin da ke tona asiri shi ne na ruwa. Zuba ruwa mai tsabta a ƙaramin kofi, ɗora a sikeli, mai da shi sifiri. Ɗaura kwandalar da siririn zare, ka nutsar da ita gaba ɗaya ba tare da ta taɓa gindin kofin ko gefensa ba. Lambar da sikeli ya nuna ita ce nauyin ruwan da ta ture. Azurfa oza ɗaya za ta ba ka kusan 2.96. Jan ƙarfe mai wannan nauyi da aka yi wa ruwan azurfa zai ba da kusan 3.47, saboda ya fi ta cin wuri. Raba 31.1 da lambar da ka samu. In amsar ta faɗo kusa da 10.5, azurfa ce, domin azurfa ta ninka ruwa mai girmanta nauyi kusan sau 10.5. Inda ake kuskure shi ne kumfar iska da ke maƙalewa a jikin kwandalar, da zare mai kauri, da fanka tana kaɗa sikeli. Bayan an gama a ɗan danna ta da tsumma mai laushi har ta bushe, kada a goga.

Abu ɗaya muke roƙonka: kada ka bari a goga ta a dutsen gwaji ko a ɗiga mata asid. Wannan aikin sarƙa da awarwaro ne. A kwandala tabon ba ya fita.

Tambaya: An yi min tayin kwandalar zinare ta Armeniya a akwatinta da takardar shaida, diram 10,000. Farashin ya fi na zinaren da ke cikinta nesa ba kusa ba. Jari ne mai kyau? — Wani ɗan kasuwa, Garki

Amsa: Alhaji, ka fara raba kuɗin gida biyu: kuɗin ƙarfe, da kuɗin sha'awa.

Yawancin kwandalolin tunawa na zinare masu diram 10,000 nauyinsu giram 8.6 ne, faɗi milimita 22, tsarki 900 cikin 1000. Wato zinaren zalla da ke ciki giram 7.74 ne, sauran gauraye ne don ta yi ƙarfi. Duba takardar ka tabbatar taka haka take. Ninka 7.74 da farashin giram ɗin zinare na ranar, ka sami kuɗin ƙarfe. Duk abin da ya hau a kai, kana biyan ƙarancin adadin da aka buga, da kyan bugu, da tarihin da ke jiki.

Tarihin kuwa akwai shi, kuma Armeniyawa ba sa wasa da shi. A shekarar 301 suka karɓi Kiristanci a matsayin addinin ƙasa, sun buga kwandaloli don cikarsa shekara 1700 a 2001. Mesrop Mashtots ya ƙirƙiro musu haruffa 36 wajajen 405, kuma akwai jerin kwandaloli da aka ba kowane harafi tasa. A 2018 sun yi bikin shekara 2800 da kafa Yerevan, suna lissafi daga ganuwar Erebuni ta 782 kafin haihuwar Annabi Isa. Armeniya ba ta buga su a gida. Ana ba masana'antun buga kuɗi na waje aikin, irin na ƙasashen Folan da Holan. Masu sayensu da tsada su ne Armeniyawan da ke warwatse a Rasha, Faransa, Amurka da Labanan, da masu tara kwandaloli.

To a nan gizo ke saƙa. Waɗannan masu sayen ba sa Abuja. Ranar da ka buƙaci kuɗi ka shiga layin masu zinare a Wuse, za a ajiye akwatin gefe, a ɗora kwandalar a sikeli, a tambayi karat. Tsarkin 900 karat 21.6 ne, tsakanin 21 da 22, kuma mai saye zai so ya yi maka lissafin 21, wato 875. Kuɗin sha'awar da ka biya ya tafi ke nan. Ra'ayinmu: in ajiyar dukiya kake nufi, sayi abin da farashinsa ke kusa da na ƙarfensa. In kuwa kana son kwandalar don kanta, kuma kana da hanyar sayarwa a waje, saya, amma ka duba adadin da aka buga a takardar, ka gwada shi da abin da Babban Bankin Armeniya ya wallafa, domin takarda ta fi kwandala sauƙin jabu.

Gwajin ruwa ba ya wadatarwa a zinare. Ƙaramar kwandala rabin giram na ruwa kawai take turewa, kuskure kaɗan ya ɓata lissafi. Ga kuma ƙarfen tungistin, wanda nauyinsa kusan ɗaya da na zinare zalla: shi ya ninka ruwa nauyi sau 19.25, zinare sau 19.3. Na'urar haske da wasu dillalai ke da ita fatar sama kawai take karantawa. Don haka a haɗa ta da awon nauyi, faɗi da kauri.

Tambaya: Kwandalolina na azurfa sun fara baƙi a gefe. In wanke da toka da lemon tsami kamar yadda muke wa zobe? — Wata Hajiya, Gwarinpa

Amsa: A'a, Hajiya, don Allah. Toka da man goge baki suna barin ƙananan zane da ido ba ya gani sai an karkata ta ga fitila, mai saye kuwa haka zai yi. Abin ya fi muni a irin bugun da bayansa ke sheƙi kamar madubi.

Baƙin daga sinadarin farar wuta yake zuwa, wanda ke cikin iska, da kyauron roba, da takardar jarida, da ulu. Ba ya rage nauyin azurfa, kuma masu tarawa sun fi yafe shi a kan gogewa. Abin yi shi ne hana shi ƙaruwa. Kowace ta zauna a kwansonta na roba mai tauri. A guji leda mai laushi mai wari, tana fitar da wani koren danƙo mai cin ƙarfe. Da damina a sa su a kwano mai murfin da iska ba ta shiga, tare da ƙunshin ƙwayoyin shan danshi irin na cikin kwalin sabon takalmi, a riƙa sauya su. Da hunturu kada a buɗe kwanson, ƙura yashi ce. In dole sai an taɓa, a kama ta gefe da safar auduga. Kada a ajiye su kusa da kaskon turaren wuta.

Farin tabo mai kama da ɗigon madara daban ne: daga wurin bugu yake, yakan bayyana bayan watanni ko shekaru, kuma wanki ba ya fitar da shi.

Tambaya: Akwai zakka a kansu? — Wani ɗalibi, Nyanya

Amsa: Zinare da azurfa ne, ɗan'uwa, lambar diram da ke jiki ba ta shiga lissafi. Nisabin zinare misƙali 20, kusan giram 85. Na azurfa dirhami 200, kusan giram 595. Ana fitar da ɗaya cikin 40 bayan shekara ta zagayo. In an bi zinaren zalla, kwandala 11 masu giram 7.74 sun kai 85.14. Azurfa mai oza ɗaya sai ta kai 20, domin 19 giram 591 ne kawai. A mazhabar Malikiyya ana haɗa zinare da azurfa don cika nisabi, kuma hukuncin wanda ke saye don sayarwa ya bambanta da na mai ajiya, saboda haka ka kai wa malaminka nauyin kowace da tsarkinta a rubuce, da ranar da ta shigo hannunka.